Tambaya da Amsa: Yadda Za Ka Ƙera Taragon Gyaɗa Ya Fito Sak

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a kwalejin fasaha, tun ina yaro nake ƙera motocin kara da na gwangwani. Kakana ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Kano zamanin dalar gyaɗa. Na yi sati biyu ina ƙera ɗan ƙaramin tarago da kwali don in faranta masa rai. Da na miƙa masa sai ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan ai akwati ne aka yi wa ƙafa." Me na rasa? Daga ɗanka a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaishe min da Kaka, ka ce masa ya yi min daidai. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mutumin da ya shekara da shekaru yana saɓa buhu yana shiga tarago, ƙafarsa ta san tsayin ƙofar, kafaɗarsa ta san faɗinta. Ba zai iya faɗa maka inci nawa ba ne, amma da ka kuskure zai gani. Kai kuwa mai ƙira ba ka da wannan idon, saboda haka dole ka nemi mudun.

Ban ga taragon naka ba, amma na rantse da ka ka fara shi, ba da awo ba. Ni ma haka na fara. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Zariya, na tashi ina jin ƙarar haɗa taragu cikin dare, na kuma yi shekaru ina koyar da zanen injiniya, amma taragona na farko da na nuna masa dariya ya yi har da tari.

Kafin ka sake yanka kwali, amsa wa kanka tambaya ɗaya: wace shekara? "Zamanin jirgi mai tururi" ba shekara ba ce. Dogo ya iso Kano a 1911 daga Baro. Injunan dizal sun fara shigowa a 1955, masu cin kwal kuma ba su ɓace a ranar ba, sun ci gaba da aiki shekaru masu yawa. Tsakanin nan an yi odar taragu iri-iri, an gyara wasu, an sake wa wasu jiki. Ka tambayi Kaka abin da ya faru a shekarar da ya fara dako: wane sarki ne a kan gado, Abdullahi Bayero ko Sanusi? Canjin ya zo a 1953, ka ga ka sami kan zare. Idan ka tsayar da 1950, misali, to kada ka kuskura ka rubuta NRC, gajeren sunan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, a jikin taragonka, domin sai a 1955 reluwe ta zama hukuma mai wannan suna. Wurin ma ka tsayar da shi. Abin da ke tsaye a Kano daban da na Gusau ko Funtuwa, inda auduga ta fi yawa, daban da na Nguru inda ake lodin shanu, ita Ngurun ma dogo bai kai ta ba sai 1930.

Sai ma'auni, wato kashi nawa za ka rage. Nan ne yawancin yaranmu ke faɗuwa, don tsohon dogonmu ba irin na Turai ba ne. Tsakanin ƙarafunansa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, na Ingila da Amurka kuwa milimita 1435. 'Yan ƙananan layukan da ake sayarwa, waɗanda ake ce wa HO, faɗinsu milimita 16.5 ne, an yi su a kan kashi ɗaya cikin 87 na babban dogo. In ka ɗora taragonmu a kansu da wannan lissafi, zai fito kamar yaro ya sa takalmin babansa. Raba 1067 gida 87 ka gani: 12 da ɗoriya za ka samu.

Mafita biyu ce. Ko ka tsaya a kashi 87 ka nemi layi mai milimita 12, wanda samunsa a nan sai an sha wuya, ko ka koma kashi 64. Raba 1067 gida 64, za ka sami 16.7, kusan daidai da layin HO da ƙafafunsa. Masu wannan sana'a a Niyu Zilan da wasu sassan Ostireliya, da yake dogonsu irin namu ne, haka da yawansu suke yi. Ni kashi 64 nake bi, kuma shi nake ba ka shawara. Mita ɗaya ta zama milimita 15.6, ƙafa ɗaya ta zama 4.8, ɗan dako mai matsakaicin tsayi ya zama kamar milimita 27. Girman ya isa reza ta yi aiki ba tare da ka makance ba.

To ina za ka sami awon? Gani ya kori ji. A manyan tashoshi irin Kano, Zariya, Kaduna da Kafanchan akwai tsofaffin taragu da ciyawa ta cinye a gefen layi. Ka fara neman izinin shugaban tasha, kada ka tsallaka katanga, ka kuma tafi da aboki da doguwar sanda, don macizai da zuma sun riga ka kama wurin. Ka tafi da tef, littafi da waya. Auna tsawo, faɗi, tsayi daga saman ƙarfen dogo zuwa daɓen tarago, faɗin ƙofa, girman ƙafa, da nisan da ke tsakanin ƙafafu. Ƙirga allunan katako ɗaya bayan ɗaya. In ƙarfe ne, ƙirga layukan ribit, wato ƙusoshi masu zagayayyen kai da ke haɗa ƙarafa. Sannan ka durƙusa ka nemi wani ɗan faranti na ƙarfe a jikin ƙashin tarago daga ƙasa, mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi da shekara. A zamanin Turawa ofishin Crown Agents na Landan ne ke yi wa reluwe odar kaya, shi ya sa za ka ga sunayen masana'antun Ingila sun fi yawa.

Amma bari in ba ka labarin wautata. Na taɓa yin kwana uku cikin rana ina auna wani tarago don farantinsa ya nuna tsohuwar shekara. Na dawo gida na yi wata biyu ina ƙera shi. Da na kai wa wani tsohon makanikin reluwe da ya yi aiki da mahaifina, kallo ɗaya ya yi masa ya ce ƙashin dai tsoho ne, amma jikin walda ne, an ɗora shi daga baya bayan na katakon ya ruɓe. Faranti bai yi ƙarya ba, shekarar ƙashi ya faɗa. Tun daga ranar ba na yarda da tarago sai na haɗa shi da hoton zamaninsa. Alamar da zan ba ka: ribit ya girmi walda, kuma akwatin da ke kan gatarin ƙafa mai murfin da ake ɗagawa a zuba mai ya girmi mai boris.

Hoto kuma yana da nasa lissafin. In ka sami wanda aka ɗauki tarago ta goshi, dogon da ke ƙarƙashinsa shi ne rularka. A ce tsakanin ƙarafunan, ciki da ciki, ya ba ka milimita 20 a hoton, faɗin taragon kuma 48. Raba 48 gida 20, ninka da 1067, ka sami kusan milimita 2560. Raba wannan gida 64, faɗin naka ya zama milimita 40. Sharaɗin shi ne ka auna dogon daidai ƙarƙashin goshin taragon, don abin da ya fi kusa da mai hoto ya fi girma. Ka leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, ka tambayi rahotannin shekara-shekara na reluwe. Akwai kuma tarihin reluwen Nijeriya mai juzu'i uku da Francis Jaekel ya rubuta, wanda ya fito a 1997. In ka je Ikko, gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa yana cikin harabar reluwe a Ebute Metta.

Launi ne abin da ya fi jawo musu. Na ga dattawa biyu da suka yi aiki a harabar reluwe ɗaya sun kusa ɓatawa a kansa. Hoton baƙi da fari ba ya raba gardama, musamman na farkon zamani, don fim ɗin lokacin yana mayar da ja kamar baƙi, shuɗi kuma ya yi haske. Dabarata ita ce in sami lungun da rana ba ta duka, bayan ƙarfen ƙofa ko ƙarƙashin baki, in goga sanfefa a hankali. Na taɓa samun fenti hawa uku a wuri ɗaya. Na ƙasa shi ne na farko.

Abubuwa biyu nake zargin Kaka ya nema bai gani ba. Taragunmu ba su da tagwayen faifan nan na karo da kake gani a hotunan jiragen Ingila, mahaɗi guda ne a tsakiya. Kusa da shi kuma akwai ƙatuwar tiyon burki mai zobe-zobe, domin burkin zuƙe iska ake amfani da shi. Waya mai kauri da ka naɗe da siririya za ta ba ka tiyon.

Sauran aikin hannu ne, ka fi ni sani. Ka dai riƙa tuna cewa kwali mai kaurin milimita 1 daidai yake da katako mai inci biyu da rabi. Allo mai inci 6 milimita 2.4 ne, ka tsaga layinsa da bayan reza. Kan ribit bai kai rabin milimita ba, tsinin allura daga bayan gwangwani ya isa. Buhu kada ka ɗinka da yadi, saƙarsa za ta fito kamar igiya. Takardar ganyen shayi da garin katako sun fi. In ka gama kada ka bar shi yana sheƙi, ka shafa masa jar ƙasa da toka da busasshen buroshi, baƙin mai kuma wajen ƙafafu. Sannan ka mayar wa Kaka, ka rubuto min abin da ya ce.

TAMBAYA: Malam, wana ya aiko min da taragun HO guda shida daga Amurka, ga rubutun Turanci a jikinsu. In na sake musu fenti za su zama namu? Daga wani ma'aikacin banki a Maraɗi.

AMSA: Ba za su zama ba, Alhaji, ko ka yi musu fenti bakwai. Taragon Amurka ya fi namu tsayi da faɗi, mahaɗinsa kamar dunƙulen hannu yake, burkinsa na matsa iska ne. Ka bar su a ƙasarsu, ka yi musu binciken da ya dace da su, don a wannan fanni Amurkawa sun yi nisa, har rajista suke da ita da ake bugawa a kai a kai mai ɗauke da lambobi da awon taragun kowane kamfani.

Ɗauki rula. Rufaffen taragon zamanin tururi yawanci ƙafa 40 ne, wato kamar milimita 140 a hannunka. Duba rufinsa: in akwai siririn dandamalin da mai burki ke takawa, ya dace da zamanin, don sai a 1966 aka daina sa shi a sababbi. Sannan ka sa tabarau ka karanta ƙananan rubutun gefe. Inda ka ga BLT, wata da shekarar ƙira ne ke biye. Akwai kuma kwanan watan da aka sake auna nauyinsa. In wannan ya nuna 1962, taragon ba shi da hurumi a bayan inji na 1948. Ƙafafun ma suna da shekaru: masu firam na sandunan ƙarfe da aka ɗaure da noti an hana su yawo tsakanin kamfanoni wajen 1940. In ka yi sa'a cikin shidan akwai samfurin tarago X29 na kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, wanda aka fara ƙerawa a 1924, an yi dubbansa, kuma ya shiga kusan kowane lungu na ƙasar. Sai dai kada ka yi mamaki in ka tarar masu kayan wasan sun buga sunan wani kamfani a jikin taragon da bai taɓa mallaka ba. Sun saba.

TAMBAYA: Baba, ni malamar firamare ce. Ina son mu ƙera tsohon ƙaramin jirgin da ya bi ta garinmu zuwa Jos, ni da 'yan ajina. Wane ma'auni za mu bi? Daga 'yarka a Soba.

AMSA: Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan shi ne layin da Turawa suka sa wa sunan Bauci, alhali bai taɓa shiga garin Bauci ba. Ya tashi daga Zariya, ya kai Jos da Bukuru a 1914 don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957, shekara talatin bayan babban dogo ya hau Jos ta Kafanchan. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, milimita 762. Tunda yara ne za su yi yanka, ku bi kashi 48: faɗin layin zai zama milimita 16, mita ɗaya kuma milimita 21. Ba sai kin sayi layi ba, tsinken tsintsiya biyu a kan kwali sun wadatar in ba tafiya za ku sa shi ba. Akwai ragowar injunansa da taragu a harabar gidan tarihi na Jos. In za ki kai yaran, kowane biyu ki ba su tef ɗaya, ɗaya na riƙe bakin, ɗaya na rubutawa.