Wane Littafin Jarumai Ya Dace da Matashi? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana shekararsa 14, ya dame ni in saya masa littattafan zane na jaruman nan masu rufe fuska. Tsorona kada su ƙara masa taurin kai, don kwanan nan abu kaɗan sai ya ce an raina shi. In saya ko in hana? Daga wata uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki saya, amma ke za ki zaɓa. Wannan kukan raini da yake yi shi ne ginshiƙin irin waɗannan labarai, shi ya sa suke jan hankalinsa. Yaro a shekarunsa ya wuce a aike shi kawai, bai kuma kai a nemi shawararsa ba, kullum yana neman a san da zamansa. Abin dubawa shi ne hanyar da littafin ya nuna masa ta samun mutunci.

Ki ɗauki labarin Spider-Man, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙira a 1962. Kafin shi, matashi a irin waɗannan littattafai yawanci ɗan rakiya ne, kamar Robin da ke bin Batman tun 1940. Peter Parker kuwa shi ne mai labarin. Maraya ne ɗan sakandare a birnin New York, yana hannun baffansa Ben da matarsa May, 'yan ajinsu sun mai da shi abin dariya. Da ya sami ƙarfi, sai ya nufi gidan talabijin neman suna da kuɗi. A can ɓarawo ya wuce ta gabansa a guje, ana kiran a tare, ya ce ba ruwansa. Bayan 'yan kwanaki ɓarawon nan ya kashe Ben.

Daga nan ya koma taimakon mutane, kuma ba a gode masa ba. Mai jaridar garin, J. Jonah Jameson, kullum cikin ɓata masa suna yake, shi kuma Peter saboda babu, wajen wannan mutumin yake kai hotunan Spider-Man yana sayarwa don su sami na cefane. Yana tsaye a ofis ana zaginsa a gabansa, ba damar ya ce shi ne. Yaron da ya karanta wannan zai ga ƙarfi bai sayo wa Peter girma ba, ya kuma ga mutum yana aikin kirki ko ba mai yabawa. Ni a ganina wannan tarbiyya ce.

Zanen 1962 na iya yi masa kama da na tsofaffi, don haka ki nemi na Miles Morales, sabon Spider-Man, wanda ya fito a 2011 yana ɗan shekara 13, baƙar fata daga unguwar Brooklyn, da iyayensa a raye. Mahaifinsa ba ya ƙaunar jarumai masu rufe fuska, ga shi ɗansa ya zama ɗaya. In kina son ya ƙaru da Turanci, Jason Reynolds ya rubuta labarin Miles a ƙagaggen littafi marar zane a 2017.

Kafin ki biya, ki duba bangon. Harafin T na nufin na matasa ne, M ko MAX na manya ne, ki ajiye shi. Ki kuma buɗe ki gani da idonki, don wasu suna da matsattsun kaya da soyayyar 'yan makaranta, wasu kuma kamar na Thor sun ginu a kan allolin tatsuniyoyin Turai. In ya gama karantawa, ki tambaye shi wa ya fi ba shi haushi a labarin. Amsar za ta gaya miki abin da ke damunsa a gida ko a makaranta.

Tambaya: Ƙanwata ta gama jarrabawa, shekararta 16, ina son yi mata kyauta. An ce akwai jaruma Musulma a littattafan zane na kamfanin Marvel. Ya dace da ita? Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

Akwai, ɗan'uwa. Sunanta Kamala Khan, ana ce mata Ms. Marvel, ita ma shekararta 16, iyayenta 'yan asalin Pakistan ne mazauna Jersey City a Amurka. Labarin ya fara fitowa a 2014, G. Willow Wilson ce ta rubuta, Adrian Alphona ya zana. Juzu'i na farko mai suna No Normal ya ci kyautar adabi ta Hugo a 2015, kuma shi za ka nema.

Zan faɗa maka abin da ke ciki don kada ya zo maka ba zato. A farkon labarin Kamala ta fita ta taga da dare zuwa wani casu bayan mahaifinta ya hana ta. A can aka yaudare ta da lemo mai giya, ta tofar, aka yi mata dariya. Da ƙarfin sauya kama ya zo mata, siffar da ta fara ɗauka ta Baturiya ce mai farin gashi, domin a zatonta sai da wannan kamar za a girmama ta. Ba ta sami natsuwa a ciki ba, ta dawo kamanninta. Lokacin da ta tashi ceton yarinyar da ke yi mata gori, abin da ta tuna shi ne ayar da mahaifinta ke yawan faɗa, cewa wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne. Wannan wurin shi ya sa nake son littafin.

Rayuwar Musulmin Amurka ce, ba irin ta gidajenmu ba, kuma Kamala ba ta sa hijabi a kullum. In ƙanwarka mai tunani ce, za ta rarrabe. Ka tabbata tana jin Turanci, ko ka nemi fassarar Faransanci.

Tambaya: Malama, ni ɗalibi ne, kuɗina kaɗan. In sayi Invincible ko My Hero Academia? Shekarata 15.

Ɗana, Invincible ba naka ba ne yanzu. Jaruminsa ɗan shekara 17 ne mai neman yardar mahaifinsa, amma jini da yankan gaɓoɓi sun yi yawa, kada zanen ya ruɗe ka.

My Hero Academia na Kohei Horikoshi ya fi dacewa da kai. Labarin Izuku Midoriya ne, yaron da aka haifa ba shi da baiwa a duniyar da kashi 80 cikin 100 na mutane suke da ita, abokin wasansa ma yana wulaƙanta shi. Daga dama zuwa hagu ake karanta shi, kamar littafin Larabci. Matsalarsa tsawo: juzu'i 42 ne, daga 2014 zuwa 2024. Ka sayi na farko kawai, in ya yi maka ku haɗa kuɗi da abokai ku riƙa musaya.

Kada ka sayi siraran nan masu fitowa wata-wata. Ba su wuce shafi ashirin da 'yan kai ba, kuma sukan yanke a tsakiyar labari. Juzu'in da ya haɗa biyar ko shida ya fi sauƙi. Kafin ma ka kashe ko sisi, ka leƙa Comic Republic na Legas, wanda Jide Martin ya kafa a 2013. Suna sakin labaran jaruman Najeriya kyauta a intanet, data kawai za ka saya.