Babbar taya ba ta ƙara wa tarakta ƙarfi

Tambaya: Malam, ina noman shinkafa a Kura. Taraktata Massey Ferguson 375 ce, idan ta shiga laka sai tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa, wani ya ce in cire taya mai lamba 16.9-30 in sa 18.4-30, wai za ta fi ƙarfi. Haka ne?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Lambar farko faɗin taya ce da inci, 30 ɗin kuwa girman wili. Taya 18.4 ta fi faɗi, amma ta fi tsayi ma, da kamar kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Doguwar taya kuwa tamkar ƙarin giya ce: juyi ɗaya zai ci ƙasa da yawa, gudu ya ƙaru, ƙarfin jan garma ya ɗan ragu. Faɗin zai rage nutsewa a laka, wannan gaskiya ne, sai dai ba na jin nan matsalarka take.

Fara duba haƙoran tayar. In sun cinye, magana ta ƙare. In da sauransu, to iska ce ta yi yawa ko nauyi ya yi kaɗan. Masu faci sun saba cika tayar tarakta tam kamar ta tirela, ga shi taya mai tauri ba ta kama ƙasa. A rage iskar yadda kamfanin tayar ya rubuta. A kan kuma ɗura ruwa a tayar baya har kashi uku cikin huɗu don nauyi, amma a gonar tudu wannan ya fi amfani. A fadama mai ruwa nauyin nutsar da kai zai yi.

Sai giya. Kilomita 5 zuwa 7 a awa ya ishi garma. Da ka ga baƙin hayaƙi, inji na nishi, sauko giya ɗaya. Yaran direbobi kan ɗora ƙafa a kan kuloci maimakon su sauko, ka tsawatar, ƙona shi suke yi.

Wani daga Bunkure ya tambaya ko zai iya canza tayoyin baya kaɗai a tarakta mai ja da taya huɗu. In girmansu ɗaya da na da, bismilla. In ka canza girma, a'a: an ƙera ta ne tayoyin gaba su ɗan riga na baya gudu, kuma da ka ɓata wannan lissafi, taya za ta cinye da wuri, giyoyin gaba su biyo baya.