Kafin ka sayi wayales ɗin jita

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce wayar da ke haɗa jitarka da amfilifaya ta ishe ka, a bikin makon jiya ma wata mai rawa ta take ta, filogi ya fice ana tsakiyar waƙa. Ka tara 'yan kuɗi, ka leƙa shagunan kayan kiɗa a Sabon Gari, ka tarar da wayales iri-iri, wani ɗan ƙarami bai wuce yatsa biyu ba, wani da akwati da eriya, shi ne kake cewa, “Oga, wanne ya fi?” To zauna, domin amsar tana wurin da kake wasa, ba a jikin kwali take ba.

Duk wayales abu biyu ne. Akwai tiransimita da ke jikinka yana ɗaukar sautin jita, akwai risiba da ke kusa da amfilifaya yana karɓa. Tsakaninsu iska ce kawai, kuma iskar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Idan ka riƙe wannan, sauran maganar za ta yi maka sauƙi.

Ƙananan nan da kake gani birjik, irin su Xvive U2 da Boss WL-20 da Line 6 Relay G10, suna aiki ne a zangon 2.4 gigahaz. Zango ne da aka bar wa kowa, ba a neman lasisi, shi ya sa masu ƙerawa suke son sa. Amma a cikinsa Wi-Fi yake, a cikinsa Bluetooth yake, yawancin wayoyin da aka kunna wa raba data a cikinsa suke magana. Ga kuma abin da masu shago ba sa faɗa: jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, kuma ruwa yana shanye siginar wannan zango. Mutum ɗari uku da suka tsaya tsakaninka da risiba katanga ce.

Na ga wannan da idona a wani ɗakin taro, wajen dinar biki. Mun yi gwajin sauti da la'asar, ɗaki babu kowa sai kujeru da masu jera faranti. Mai jitarmu na lokacin ya zo da sabon wayales ƙarami, ya taka har bakin ƙofa yana kaɗawa, sauti tsaf, ko ɗis babu. Da dare ɗaki ya cika maƙil. Aka ce ga amarya nan, kowa ya miƙe ya ɗaga waya, masu bidiyo suka kunna nasu na'urorin da ke aika hoto zuwa majigi, shi kuma ya sauko daga dandamali don ya raka ta da kiɗa kamar yadda aka tsara. Bai yi taku goma ba jita ta fara yankewa, ta dawo, ta sake yankewa. Ina wajen miksa ina ganin fitilar risiba tana lumshewa, ina kallon yatsunsa suna aiki a kan tsirkiya amma lasifika shiru. Sai da na tura yaro ya kutsa cikin mutane da wayar jita a hannu. Na'urar lafiyarta ƙalau, washegari ta yi aiki a gida kamar ba ita ba. An dai kai ta inda ya fi ƙarfinta ne.

Shi ya sa nisan da aka rubuta a kwali kada ya ruɗe ka. WL-20 an rubuta masa mita 15, U2 wajen mita 20, Relay G30 mita 30. Gaskiya suka faɗa, amma a fili suka auna, babu komai tsakani. A cikin taro ni nakan raba lissafin biyu, in kuma ɗauka cewa ko rabin ma sai an ɗora risiba a sama.

Ɗaya zangon shi ne UHF, inda tashoshin talabijin suke. Nan za ka samu irin su Shure BLX14 da dangin Sennheiser EW, masu tiransimitan da ake maƙalawa a ɗamara ko a maratayin jita. Siginarsa ta fi ratsa mutane, ta fi tafiya nesa, BLX ma ana ba shi kusan mita 90, kuma ba ya rububi da wayoyin baƙi. Idan ƙungiya tana da makirfo wayales uku, ga jita, ga bas, a UHF ne ake samun wurin da kowa zai zauna ba tare da ya taka ɗan'uwansa ba. U2 tashoshi 4 gare shi, G30 kuma 6, ka ga ba su da yalwa. Sai dai UHF yana son mai kula. Duk garin da kuka sauka sai ka sa risiba ya laluba tashar da babu kowa a kanta, domin wadda take sarari a Kano tana iya zama a cike a Kaduna ko Damagaram.

A nan zan ja maka kunne game da na hannu, waɗanda ake kawowa daga waje. Amurka ta hana amfani da makirfo da wayales a zangon 700 megahaz tun 2010, ta kuma kwashe mafi yawan zangon 600 a 2020, saboda an sayar wa kamfanonin waya. Kayan da suka zama haramun a can ba zubar da su aka yi ba, da yawa sun bi jirgin ruwa. Za ka ga suna babba, jiki mai kyau, farashi mai daɗi. Juya bayansa ka karanta lambar zangon. Mu ma nan kamfanonin waya suna amfani da 700 da 800 wajen intanet ɗin 4G, don haka idan ka ga lamba a wannan yanki ka ajiye shi, ko da kyauta ne. Hukumomin da ke rabon zango, NCC da NBC a Najeriya, ARCEP a Nijar, ba don ado aka kafa su ba. Ka duba caja ma: wadda aka yi wa wutar Amurka mai 120 kaɗai, ka cusa ta a tamu mai 230, hayaƙi za ka gani.

Akwai kuma sababbi masu zango biyu, kamar Shure GLXD16+, da ke iya barin 2.4 su koma 5.8 gigahaz idan wuri ya cushe. Risibansa a ƙasa ake ajiye shi tare da fedal, wato na'urorin canja sauti da ake takawa da ƙafa, da abin saita tsirkiya a jikinsa. Abu ne mai kyau, kuɗinsa ne da nauyi.

Ka tambaye ni batun jinkiri, wai wani ya ce maka wayales yana sa sauti ya makara. Bari mu yi lissafi. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, wato a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, abin da ake kira milisakan, yana cin santimita 34. WL-20 jinkirinsa milisakan 2.3, G10 bai kai 3 ba, U2 wajen 6. Milisakan 3 daidai yake da ka ja baya daga amfilifaya da mita ɗaya. Wa ya taɓa kuka da haka? Jinkirin da zai wahalar da kai ƙafarka ce za ta jawo shi. Ka yi nisan mita 20 daga mai ganga, sautinsa zai iso kunnenka bayan kusan milisakan 60, kai kana jin kana kan kiɗa daidai, mu a dandamali muna jin ka a baya. Idan za ka shiga cikin jama'a, ka riƙa kallon hannun mai ganga, ka riƙe bugun a ƙirjinka, kada ka bi abin da ke dawowa daga bango. Abin da kawai zan hana ka kai tsaye shi ne duk na'urar da ke aika sauti ta Bluetooth. Wannan jinkirinta yakan haura milisakan 100, ba a kiɗa da ita.

Sautin kansa zai ɗan canja, gara ka sani tun yanzu. Doguwar waya tana rage wa jita kaifi, musamman jitar da maganaɗisunta ba sa amfani da batir, kuma kunnenka ya saba da wannan taushin ba tare da ka sani ba. Ranar da ka cire waya za ka ji sauti ya ƙara tsini, wani ma har ya ce ya yi ƙarfe-ƙarfe. Masu ƙerawa sun san da haka, shi ya sa G30 yake da maɓallin kwaikwayon waya, WL-20 kuma da shi aka gina shi. Ɗan'uwansa WL-20L ba shi da wannan, an yi shi ne don jita mai batir a ciki da jitar katako mai fikof, wato abin ɗaukar sauti. In babu maɓallin, ka ɗan rage kaifin a amfilifaya, magana ta ƙare. Jita mai batir kuwa sai ka gwada ta da wayales ɗin kafin ka biya, domin wasu ƙananan ba sa jituwa da ita, ko su yi tsuwa ko sautin ya fashe. Na analog, wato irin BLX, yakan matse sauti kafin ya aika sannan ya buɗe shi a risiba, mai kunne yakan ji ɗan bambanci a wutsiyar sauti. Amma yana da hali guda da nake so: idan sigina ta fara rauni sai ya fara huci, ya ba ka dama ka dawo. Na dijital ba ya gargaɗi, ɗif yake yi.

Yanzu batir, wanda a wurina ya kusa fin komai. Bikinmu ba ya farawa a lokacin da aka rubuta a kati. A ce ƙarfe bakwai, a fara tara da rabi, kai kuma tun shida ka kunna kaya. U2 awa 5 yake yi idan sabo ne, batirinsa kuma a rufe yake a ciki, in ya mutu sai dai ka nemi soket ka zauna jira. Wanda ke cin batir AA guda biyu, kamar G30 mai awa 8 ko BLX mai kaiwa 14, in ya mutu ka zaro wasu daga aljihu, kafin mawaƙi ya gama gaishe da iyayen ango ka dawo. Ga matsalar wuta da ka sani, ranar da ba a kawo ba da me za ka yi caji? Sannan batirin litiyam ba ya son zafi. Ka bar shi cikin but ɗin mota a watan Afrilu, rana ta haura 40, wata shida ba zai yi ba sai ka ga awa biyar ta koma biyu. Ni dai mai batirin cirewa nake saya, in haɗa da masu caji guda takwas da cajarsu.

Ka duba jikinsa kuma. Ƙaramin da ake cusawa kai tsaye a soket ɗin jita yana leƙowa waje. Jita irin Stratocaster soket ɗinta a kwance yake cikin rami a fuska, wasu ba sa zama daidai a ciki. Wadda nata yake a gefe kuwa, ka zauna a kujera ko ka jingina ta da bango, sai ka ji ƙas. Na ɗamara ya fi jure wahala, rauninsa ɗaya ne, 'yar gajeriyar wayar da ke zuwa jita. Sayi biyu tun ranar farko. Risiba kuma ka nemi mai eriya biyu, wanda in ɗaya ta rasa sigina ɗayar take kamawa.

Akwai wani amfani da ban ji ka ambata ba, ni kuwa saboda shi na fara son wayales. Tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin waya. Idan wutar wurin ba ta da waya ta ƙasa, wato wadda ke zubar da wutar da ta kauce hanya cikin ƙasa, kamar yawancin janareton da ake jawo mana a filin biki, wuta tana iya bi ta hau tsirkiya. Hannunka na kanta, leɓenka ya taɓa makirfo, kai ka zama hanya. Ni ta taɓa fizgata a wani fili da damina, ƙasa a jiƙe, sai da na ga haske a idona, na yini leɓena a kumbure. Allah ya kiyaye. Wani makaɗin jita ɗan Scotland, Leslie Harvey, a haka ya rasu a kan dandamali a Swansea a 1972, ya taɓa makirfon da wuta ta hau. Wayales yana yanke wannan hanya ta jita. Bai gyara wutar ba, makirfo mai waya yana nan da haɗarinsa, don haka gwada wuta kafin wasa bai faɗi a kanka ba. Amma ƙofa ɗaya ta rufu, kuma ba ƙarama ba ce.

To, ga abin da nake gani game da kai. Da a ce a ƙaramin wuri kake wasa, ko a situdiyo, ko dandamalin da ba ka sauka, amfilifaya na bayanka taku biyar, da na ce ɗauki ƙaramin 2.4 na kamfanin da aka sani, zai yi maka. Amma kai ɗan biki ne, yau ɗakin taro gobe fili, kuma na san halinka, ba ka iya tsayawa wuri ɗaya. Kai na UHF mai ɗamara ya dace da kai, mai batirin cirewa, a zangon da ke ƙasa da 700. Idan kuɗinka bai kai ba, ka ƙara haƙuri wata biyu ko uku. Waɗancan marasa suna da ake zubawa a tire kuwa, araha ba ta ado. Kafin nan ka zagaya wayarka ta cikin maratayi kafin ka cusa filogi, ko an taka ba za ta fice ba.

Ranar saye ka tafi da jitarka, kada ka yarda da ta shago. Ka kunna, ka fita waje, ka juya wa risiba baya, ka sa yaran shagon su kunna raba data a wayoyinsu su tsaya tsakani. Ka bugi tsirkiya ɗaya ka bar ta ta mutu da kanta, ka saurari ƙarshenta ko akwai huci. Ka girgiza tiransimita ka ji ko wani abu na motsi. Jabu sun yi yawa, musamman masu ɗauke da manyan sunaye, don haka ka nemi rasit da sharaɗin mayarwa. A wurin wasa kuma risiba ya hau sama inda zai riƙa ganinka, nesa da na'urar Wi-Fi ta miksa da taku uku ko huɗu, kada a tura shi bayan lasifika ko cikin akwatin ƙarfe. Wayarka ta dā kuma ka naɗe ta ka ajiye a kan amfilifaya kowane dare, inda hannu zai kai gare ta cikin duhu.

Ranar Asabar muna da aiki. Ka zo da wuri da jitarka, zan ba ka nawa na UHF ka yi rabin farko da shi, in aro maka ƙarami ka yi rabi na biyu. Ka sauka cikin mutane da kowannensu lokacin da aka fara liƙi, sannan mu yi maganar wanda za ka saya a mota, a hanyar komawa.