Amsa: man dussar shinkafa na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa?

Hajiya, kin tambaya ko man dussar shinkafa zai rage wa ɗanki fargabar jarrabawar BEPC, ya kuma taimaka masa da hadda. Yawancin gwajin da ake magana a kai, a kan ɓeraye aka yi shi. An ga waɗanda aka ba man sun fi natsuwa bayan an takura su, sun kuma fi tuna hanyar da aka koya musu. Ana danganta hakan da sinadarin oryzanol da bitamin E da ke cikin man, masu kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Amma ɓera ba yaro ba ne, don Allah kada ki ɗauki man nan magani. Dussar da muke saye wa awaki nan Yamai kuwa saurin lalacewa gare ta, kada ki ba shi ita.