Ku fara da gona, rajista ta biyo baya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na sami natsuwa don kada in ba ka amsar tsaye. Ka ce ku matasa ne a Rigasa, kuna son kafa ƙungiyar sa kai da za ta tallafa wa ƙananan manoma da masu lambu su yi noman da ba ya kashe ƙasa, kana tambaya ko rajista za ku fara yi ko neman masu ba da tallafi. Allah ya yi wa niyyarku albarka. Amsata ita ce ku ajiye duka biyun tukuna, ku nemi 'yar gona a bakin hanya inda mutane ke wucewa.

Bari in faɗa maka dalili. Mu tamu ƙungiyar, a wajen Rigachikun, ta samo asali ne bayan annobar tsutsar tumatir ta 2016, wadda ta kai har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Mun ga masu lambu sun tafka asara, muka ce sai mun yi wani abu. Abin da muka fara yi shi ne taro. Muka kama ɗakin taro, muka buga kyalle, muka gayyato mai jawabi. Manoma sun zo, sun saurara da ladabi, sun yi mana godiya, sun koma gida. Da damina ta faɗi, ba wanda ya sauya ko da kunya ɗaya a gonarsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, sai da wani dattijo ya zaunar da ni ya ce, "Malam, abincin gidana na shekara ne kake so in gwada maganarka a kansa. In ta ƙi, wa zai ciyar da iyalina?" Gaskiya ya faɗa. Manomin da ke da eka ɗaya ko biyu ba shi da halin yin gwaji, kuma gani ya kori ji.

Shi dattijon ne ya ba mu aron wani yanki na gonarsa da ya riga ya fid da rai da shi saboda wuta-wuta. Duk wanda ya yi noman dawa ko masara a ƙasar Zazzau ya san wannan ciyawa mai jan fure: tana kama saiwar shuka tun tana ƙarƙashin ƙasa, kafin ka ga furenta ta gama tsotse amfanin. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Inda ƙasa ta gaji, nan ta fi ƙarfi. Muka raba yankin biyu. Rabi aka noma shi yadda aka saba. Ɗaya rabin muka zuba masa takin da muka haɗa, muka shuka waken soya a daminar farko, sannan masara a ta biyu, muna tuge wuta-wutar kafin ta yi fure muna ƙonawa a wajen gona. Waken soya yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma akwai nau'insa da ke sa irin wuta-wuta ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Masarar da muka sa SAMMAZ 15 ce, daga irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, mai jure wa wannan ciyawa.

Ba mu kira kowa taro ba. A damina ta biyu masu wucewa a kan babur suka riƙa tsayawa da kansu, suna tambayar me aka sa wa wannan ɓangaren. A nan ƙungiyarmu ta sami mambobinta na gaskiya.

Tunda na ambaci Samaru, ku je. Tafiyar Zariya ba ta da nisa a gare ku. Cibiyar nan tana wurin tun 1922, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma akwai NAERLS kusa da ita, wadda aikinta ke nan isar da ilimin gona ga manoma, har da ƙasidu da Hausa. Ku nemi malamin gona na yankinku shi ma, ku girmama shi, ku ɗauke masa kuɗin mota in zai zo muku. Ku dai ba ƙwararru ba ne, ku gada ce tsakanin masu ilimin da masu gona.

Maganar taki ita ce zan fi daɗewa a kanta, domin ita ce ke cin manomi. Kada ku je wa mutane da cewa su daina amfani da takin zamani gaba ɗaya. Na ji masu faɗin haka, kuma ina ganin ba su taɓa noman masara a ƙasar da ta gaji ba. Masara tana son abinci. Abin da muke koyarwa shi ne a haɗa: takin gida ya gyara jikin ƙasa ya sa ta riƙe ruwa, ɗan takin zamanin da aka iya saya kuma a yi tattalinsa. Maimakon a watsa yuriya a bisa ƙasa rana da iska su kwashe, sai a tona ɗan rami kusa da gindin shuka, a zuba da murfin kwalba, a rufe. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya hau, wannan dabarar kaɗai ta riƙe gidaje da yawa a cikinmu.

Haɗa takin gida kuwa aikin rani ne. Muna haƙa rami, mu shimfiɗa kara da busasshiyar ciyawa, mu bi da kashin dabbobi, mu barbaɗa toka, mu yayyafa ruwa, a sake wani layin har ramin ya cika. Ana juyawa duk bayan mako biyu zuwa uku. In ka tura sanda ka zaro ta da ɗumi, aiki yana tafiya. Wata biyu zuwa uku ya nuna, ya yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa. Kashin kaji yana da yawa a gidajen kajin da ke kewaye da Kaduna, amma ɗanyensa yana ƙona shuka, sai an bari ya huce. Takin juji kuma sai an tsince shi, don leda da fasassun kwalabe da batir sun cika shi yanzu. Ku kuma roƙi mutane su daina cinna wa gona wuta bayan girbi. A da can iyayenmu kan kira Fulani su sauka da shanunsu a gona da rani, shanu su ci kara, su bar taki. Inda akwai amana da sanin juna, mun dawo da wannan, da sanin mai unguwa da arɗo.

Wani abu da ya taɓa kusa wargaza mu: wata shekara muka tara kuɗin mambobi muka sayo irin masara a wani shago, buhu mai kyau da tambari. Rabinsa bai tsiro ba. Mutanen da suka yarda da mu suka rasa makonnin farko na damina. Sai da muka bi su gida-gida muna ba da haƙuri, muka biya abin da za mu iya daga aljihunmu. Tun daga ranar, ba ma raba iri sai mun gwada shi. Ka ƙirga ƙwaya 100, ka jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, ka naɗe, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Ku kuma bayyana wa manomi ko irin na aure ne, wanda ba a maimaita shuka 'ya'yansa, ko wanda zai iya ajiyewa ya sake shukawa.

Tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 har yau tana nan. Yara matasa irinku ne suka fi amfani a nan: ku zaga gonaki da sassafe tun masara tana ƙarama, ku leƙa cikin ƙoƙonta. In an gan ta da wuri, ruwan dakakken 'ya'yan dogon yaro da aka jiƙa ya kwana yana taimakawa. In ta yi yawa sai magani, amma a sa wa mai feshi takunkumi da safar hannu, kuma kada a mayar da robar magani abin zuba mai ko ruwa.

Kada ku manta da abin da ke faruwa bayan kaka. Manomi ya sha wahala, ya girbe wake, tsoron ƙwari ya sa ya kai kasuwa lokacin da kowa ke kaiwa, dillali ya saye da arha. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki, yana toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da an zuba wa abinci guba ba, muddin hatsin ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda daban. Matan ƙungiyarmu ne suka riƙe wannan ɓangaren ta hanyar adashe, su ne kuma ke saye waken soyar mambobi suna yin awara. Ku sa mata a ciki tun ranar farko, da jagorancinsu da ranar zamansu.

Batun kuɗi a taƙaice: littafi ɗaya, mutum biyu masu sa hannu, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa duk wata, ko da naira 500 ce. Rajistar ƙungiyar gama kai za ta yi muku amfani in kun zo buɗe asusun banki, mu sai da muka shekara biyu muna aiki kafin muka yi. Ku yi hattara da 'yan siyasa lokacin zaɓe. Ku kuma saurari mutanen gari kan tsaro, in sun ce kada a je gonar daji, kada wanda ya je.

Aikin sa kai yana gajiyarwa, wasu za su janye, kada ka riƙe su a zuciya. Mu rana ɗaya muka tsayar a mako, Asabar da safe, a yi gayya a gonar mamba ɗaya, a fara da gonakin zawarawa da tsofaffi. In kun shirya, ku zo mutum uku ko huɗu cikin watan Fabrairu lokacin da muke cika ramukan taki. Ku taho da fartanya da shebur, ku yi aikin da hannunku, sannan mu raka ku wurin sarkin noman yankinku a nemi aron gonar.