Tambaya da Amsa: Wayata ta faɗa randa, tragic ne ko unlucky?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibar lise ce a Tawa, bana zan yi bak, wato jarrabawar gama sakandare, in Allah ya yarda. A jarrabawar Ingilishi na rubuta yadda wayata ta faɗa cikin randa, na ce abin tragic ne, sai mushe, wato malaminmu, ya ja jan biro ya sa unlucky. To ba duka malheureux ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya ba da sa'ar bak. Mushenki na da gaskiya, amma ban ga laifinki ba, Faransanci ne ya ruɗe ki, don malheureux shi kaɗai yana ɗaukar kaya kamar jakin ƴan ga-ruwa, Ingilishi kuwa sai ya auna nauyin abu kafin ya ba shi suna.

Unlucky rashin sa'a ne kawai, kin iso tasha motar Yamai ta tashi yanzu-yanzu, ko kuran ya ɗauke kina tsakiyar caji. Nan wayarki take.

Unfortunate kusan ɗaya suke, sai dai shi ya sa babbar riga, a takardar ofis da bakin manya ake jin shi, kuma yana da wani wayo da nake so ki lura, in babba ya yi suɓul da baka sai a ce maganar unfortunate ce, wato bai kamata a faɗa ba, amma fa ba wanda ya ce a yi haƙuri.

Tragic kuwa ba a wasa da shi. Asalinsa daga wasan kwaikwayon Girkawa ne, irin mai ƙarewa da masifa, shi ya sa sai an yi asarar rai ko abin da ba ya gyaruwa. Ki tuna gobarar Afrilun 2021 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, da ajujuwan zana suka kama wuta yara wajen 20 suka rasu. Wannan ne tragic. Ki ajiye waya kusa da shi ki gani in bakinki zai iya.

Af, akwai tarko guda. Misérable na Faransanci galibi matalauci ne fitik, miserable na Ingilishi kuwa mai baƙin ciki ne, ko da attajiri ne. Ranar da kika tsamo wayar tana ɗigar ruwa, wayar unlucky ce, ke kuma miserable.