Tambayi Likita: Marin Aljani Ne Ko Ciwon Jijiya?

Tambaya: Likita, na tashi alwalar asuba sai ruwan kurkure baki ya riƙa zubo mini ta gefe guda, idona na dama kuma ya ƙi rufuwa. Hajiyarmu ta ce aljani ne ya mare ni. Wani tela, Tudun Wada.

Amsa: Sannu malam. Ka gai da Hajiya, amma wannan da alama ciwon jijiya ne. Jijiyoyi 12 ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, ta 7 ita ke motsa naman fuska. Tana bi ta wata siririyar kafa a cikin ƙashin kunne, ta ɓullo a ƙasan kunnen, sannan ta rabu gida 5 daga goshi har wuya. In ta kumbura cikin ƙashin nan ba ta da wurin sakewa, sai ta matse, rabin fuska ya saki. Yawanci cikin mako 3 ake fara ganin sauƙi, kuma maganin prednisolone ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72. Don haka kada ka tsaya jiran hayaƙi da shafe-shafe, ka tafi asibiti yau, a duba har suga da kunne.

Na fi damuwa da idon fiye da bakin. Idon da ba ya ƙiftawa bushewa yake yi, balle da ƙurar hunturun Zariya. A ɗiga maganin jiƙa ido da rana, a liƙe fatar idon da filasta in za a kwanta, a sa tabarau in za a hau babur.

Tambaya: Bakin mahaifina ya karkace, yana da hawan jini. Shi ma haka ne? Wata ɗaliba, Samaru.

Amsa: 'Yata, ki ce Baba ya ɗaga gira. In goshin ya tattare duka biyu alhali bakin a karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki nake tsoro. Ku nufi asibitin koyarwa da ke Shika yanzu, ba sai gari ya waye ba.

Tambaya: Fuskata ta fara dawowa, amma miya salam nake jin ta, ƙarar Keke Napep kuma kamar za ta fasa mini kunne. Wata uwa, Kwarbai.

Amsa: Duk aikin jijiyar ne, malama. Ita ke ɗauko ɗanɗano daga gaban harshe, kuma ita ke riƙe da ɗan naman da ke rage ƙarfin ƙara a cikin kunne. Galibi suna komawa daidai tare da fuskar. Kafin nan ki bar wani ya ɗanɗana miki gishirin miya.